Ɗauko Itatuwan Kirsimeti daga Fakku

Tambuwal zuwa Kebbe

Ana idar da sallar asuba, gari bai waye ba, na rataya jakata na nufi tasha. Kawu Ummaru, ƙanen mahaifiyata mai noman lambu a Fakku, shi ya aiko in zo in taya shi fito da kaya. Kayan kuwa itatuwan Kirsimeti ne da ya yi shekaru yana raino. Wani dillali daga Sakkwato ya yi alkawarin jiranmu a Tambuwal washegari da azahar, don bikin ya matso, in ya wuce kuwa ba mai sake kallonsu sai baɗi.

Hanyar Kebbe duk ramuka, ga shingayen jami'an tsaro. Da hantsi muka isa, na sha kunu da ƙosai a bakin tasha, na hau kabu-kabu sai Fakku.

Fakku

Ko'ina ka duba karan dawa ne a bushe, har muka gangara fadama. Nan na tsaya cak. Itatuwa ne kore shar a jere, kowanne ya kai ƙirjina, gindi da faɗi, kai da tsini kamar hasumiya. Ganyen siriri ne kamar allura, in iska ta ratsa sai ka ji wani sauti a hankali, ga ƙamshi kamar an kunna turaren wuta. Ban taɓa sanin ƙasarmu za ta iya fitar da irin wannan ba.

"Kawu, ina ka samo wanga iri?"

"Wani malamin gona ɗan Zuru ya ba ni," in ji shi. "Rabi sunka mutu da zafin bazara. Mutane na ta dariya, wai nika shayar da icce da ba a ci."

Muka wuni muna haƙo su da ƙasar gindinsu muna sawa a buhuna. Na ci tuwon dawa da miyar kuka, na kwana a zaurensa.

Hanyar dawowa

Da sassafe muka yi lodi a wata tsohuwar a-kori-kura, muka lulluɓe da jiƙaƙƙun buhuna. Ba mu yi nisa ba tayoyi suka nutse cikin yashin wani busasshen rafi. Muka tura, muka haƙa, mota ta ƙi. Rana na ɗagawa, buhuna na bushewa, Kawu sai taɓa ganye yake yi.

Muna nan sai muka ji ƙasa na motsi. Garken shanu ne ke gangarowa kudu, farare masu dogayen ƙahoni, ba ka ganin ƙarshensu. Suka rabu biyu suka kewaye motar kamar ruwa ya sami dutse. Na ce yau sun cinye mana jari. Amma sai su miƙo hanci, su shinshina, su wuce.

Wani dattijo Bafillace mai garken ya tsaya, ya murza ganye a tafinsa, ya kai hanci, ya daɗe.

"Na san shi," in ji shi. "Ina saurayi munka kai shanu Mambila. Can shina tsawo har ka ɗaga kai malfa ta faɗi, gajimare na kwana cikin rassansa. Ban zaci in sake jin wanga ƙamshi ba."

"Baffa, ka taimake mu," in ji Kawu.

Ya sa aka ɗaura wa bijimai biyu igiya, ya yi musu magana ƙasa-ƙasa da Fillanci. Suka sunkuyar da kai, mota ta fito kamar wasa. Kawu ya miƙa masa kuɗi ya ƙi karɓa, sai ɗan reshe ya karya ya soka a malfarsa.

Tambuwal

Sai bayan la'asar muka shigo. Dillali ya tafi. Da Kawu ya kira shi a waya, ya ce ya gaji da jira, ya riga ya sari na roba. Muka sauke kaya a bakin titi, Kawu ya zauna a kan dutse ya dafe kai.

Can sai ga Madam Rifkatu, wata ma'aikaciyar jinya da na sani, ta taso daga aiki. Ta taka birkin mashin ɗinta.

"Malam, wannan na gaske ne?"

Ta taɓa, ta shinshina, idanunta suka ciko. Ta ce rabonta da mai rai tun tana yarinya a gidan kakarta. Ta ɗauki waya ta shiga kiran mutanen cocinsu. Kafin magariba masu shaguna da 'yan hidimar ƙasa sun kwashe fiye da rabi, ko da yake ba a farashin dillali ba. Kawu ya ce kuɗin mota da na man injin ban-ruwa sun fita, har da ɗan canji. Sauran zai mayar fadama su ƙara tsawo.

Gida

Kawu ya ba ni guda ɗaya, na rungumo shi zuwa gida. Inna na zaune a tsakar gida da butarta.

"Shina 'ya'ya?"

"A'a, Inna."

"Magani fa?"

"Ban sani ba."

Ta daɗe tana kallonsa, ta ce tsarki ya tabbata ga wanda ya halicce shi. Sannan ta miƙe ta juye masa sauran ruwan alwalarta. Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa Madam Rifkatu, da dattijon da ko sunansa ban tambaya ba.