Alhaji Maje Ya Auna Ruwa

Duk wanda ya taɓa sayen yadi a layinmu na Kantin Kwari ya san Alhaji Maje, in bai san sunansa ba ya san hannunsa. Shekara ashirin da biyu shagona yana jikin nasa, ni ina sayar da leshi, shi shadda da yadin maza, ban taɓa ganin ya ɗauki sandar awo ba. Sai ya kama bakin yadi da hannun dama, ya miƙe shi iya tsawon hannun, ya kawar da fuska hagu, ya dangwala yadin a kan hancinsa. Yadi ɗaya ke nan. Masu taurin kai sukan ce a gwada da sanda. A gwada, su sha kunya, ni kuma in yi ta dariya daga shagona.

A Kwaciri aka haife shi. Yana ɗan shekara goma sha huɗu ya shigo kasuwa yana dakon dila, daga nan ya zama mai jiran shago, har Allah ya ba shi nasa. Dilolin nan da ya ɗauka da ƙuruciya ba su manta da shi ba. Yana haura hamsin da biyar bayansa ya riƙe, ga tumbi ya fito ya ƙara masa kaya. Abin ya kai ba ya iya sunkuyawa, sai aka ajiye masa kujerar roba a ƙarshen sahu a masallacin layinmu.

Wata rana bayan azahar muna zaune ya ce da ni, "Habibullah, wata goma sha ɗaya ke nan goshina bai taɓa ƙasa ba." Sai na ga hawaye. Mutumin da ko ranar da ruwan sama ya shiga shagonsa ya lalata kaya bai yi kuka ba. Wallahi na ji tausayinsa har cikin raina.

Likita ya ba shi zaɓi biyu. Ko a yi masa aiki a ƙashin baya, ko ya rage nauyi ya ƙarfafa naman bayan cikin wata shida, kuma abin da ya fi dacewa da shi iyo ne, don ruwa yana ɗauke wa gaɓoɓi nauyin jiki. Da ya kawo min labari, Allah ya yafe min, dariya na yi har da riƙe ciki. Alhaji Maje da iyo! Mutumin da tun yana yaro innarsa ta hana shi ko leƙen kududdufi, ruwan da ya fi bokiti bai taɓa shiga ba. Amma wuƙar likita ta fi ruwa ba shi tsoro, don haka ya ce in nemo masa malami.

Ina da shi kuwa. Akwai Bridget, mai sayen leshi a wurina, mijinta Chukwuma shi ke kula da wurin iyo na wani otal a Sabon Gari. Haifaffen Sabon Gari ne, Hausa a bakinsa ta fi ta wasu 'yan Fagge. Muka shirya za mu riƙa zuwa da sanyin safiya, kafin a buɗe kasuwa, lokacin ba kowa a wurin sai masu shara. Ni ne direba, ni ne ɗan kallo.

Ranar farko Alhaji ya shiga da wandon shadda, don ya rantse ba mai ganin gwiwarsa. Wandon ya kumbura ya cika da ruwa, yana jan sa ƙasa kamar an ɗaura masa buhu. Chukwuma bai yi dariya ba, ni na yi masa tasa. Washegari ya kawo masa dogon wandon 'yan wasa mai kama jiki da riga irinsa, sutura ta cika, rigima ta ƙare. Tun daga ranar Alhaji ya laƙaba masa Malam Chukwuma.

Iyon da yake koya masa shi ne wanda ake kifewa a kan ciki, hannu ɗaya na shiga ruwa ɗaya na fita, su suna ce masa kurol. Ni da nake zaune a bakin ruwa har na haddace karatun. Jiki ya kwanta sambal kamar katako, ido na kallon ƙasan ruwa. Ƙafa daga ƙugu take motsi, ba daga gwiwa ba, bugu ƙanana, idon sawu a sake. Yatsu su fara shiga ruwa daidai saitin kafaɗa. In hannu ya miƙe sai a karya wuyan hannu kaɗan, gwiwar hannu tana sama, a tura ruwa baya da tafi da damtse gaba ɗaya har cinya.

"Baya za ka tura shi, Alhaji, ba ƙasa ba," in ji Chukwuma. "In ka danna ruwa ƙasa, sama za ka yi tsalle. Gaba muke so."

Abin mamaki, cikin wata biyu tsohon nan ya iya duk wannan. Ƙafa ta daidaita, hannu ya daidaita, tumbi ya fara saki. Abu ɗaya ya gagare shi, numfashi. Da zarar iska ta ƙare masa sai ya ɗago kai gaba ɗaya, ya hangame baki. Kai na ɗagowa ƙugu na nutsewa, ƙafafu su bi, sai ka ga Alhaji a tsaye cikin ruwa yana tari yana salati. Ga shi ɗagowar nan tana lanƙwasa masa ƙugu daidai inda ciwon yake. Chukwuma ya yi bayani har ya gaji. Ya ce jiki kamar sikeli yake, in nan ya hau can ya sauka. Ya ce a fesar da iska ta hanci tun fuska na cikin ruwa, sannan a juya kai gefe kawai, ido ɗaya a ruwa ɗaya a waje, a zuƙa. Alhaji ya ce to. Ya shiga, ya ɗago kai.

Sati uku muna wannan. Ran nan a mota ya ce min ya haƙura, a je a yanka shi kawai. Raina ya ɓaci, na faɗa masa maganganun da ban taɓa faɗa wa wanda ya girme ni ba. Da muka iso Kwari kowa ya wuce shagonsa.

A satin ne Chukwuma ya rako Bridget kasuwa, ya tsallaka shagon Alhaji zai yanki yadin kaftani. Alhaji ya miƙe ya fara awo yadda ya saba. Hannun dama ya tafi, kafaɗa ta bi shi, fuska ta kawar hagu. Ɗaya. Biyu. Sai na ji Chukwuma ya daka tsawa.

"Tsaya, Alhaji! Tsaya a haka, kar ka motsa!"

Mutane suka juyo, wani ya ɗauka ɓarawo aka kama.

"Me ya sa ba ka ɗaga haɓa in kana awo?"

Alhaji ya harare shi ta wutsiyar ido, hannu a miƙe. "Malam Chukwuma, in na ɗaga haɓa ai awo ya lalace. Shekara arba'in ban cuci kowa da ɗan yatsa ɗaya ba."

"To ai shi ke nan! Abin da nake roƙon ka sati uku ke nan! Hannu ya miƙe, kafaɗa ta bi, fuska ta juya, haɓa ba ta tashi. Kullum kana yin sa a nan sau ɗari, ka je ruwa ka ce ba ka iya ba!"

Yana faɗa yana tsalle a ƙofar shago, Bridget tana jan rigarsa tana cewa ya rufa musu asiri.

Washegari tun kafin in fito da mota Alhaji yana ƙofar gidana. Da muka isa Chukwuma ya ce, "Yau ba iyo za ka yi ba. Ruwan nan shadda ce, dila guda. Auna min ita."

Alhaji ya yi bismilla ya kife. Hannun dama ya tafi, jikin ya mirgina a kan gefensa, fuska ta juyo hagu, kunne kwance a kan damtse. Na ga bakinsa ya fito a ɗan kwarin da ruwa ke yi a gefen kai, ya zuƙi iska, fuska ta koma. Ƙugu bai nutse ba! Na miƙe tsaye ban sani ba. Ya sake, ya sake, sai a na biyar ya sha ruwa ya tsaya. Ya share fuska yana haki, ya ce, "Kai! Ashe yadi ne!"

Daga nan sai gyare-gyare. Chukwuma ya koya masa ya bar gwiwar hannu ta ja gaba in hannu zai fito, yatsu suna rataye, kada ya yi wurgi da shi. Ya hana shi tsallaka hannu ya wuce tsakiyar kai, don yana sa jiki yin maciji. Numfashi ta dama dai ya ƙi, ya ce shi bai taɓa awo da hannun hagu ba, sai da aka yi wata guda ana lallashi. Ciwon ya ragu sosai, har ya koma ɗaukar bandir da kansa. Amma a masallaci bai bar zama ba. Ya ce tsoro yake ji kada ya sunkuya bayan ya sake riƙewa a gaban mutane.

Wata Laraba, a cikin wata na biyar, Chukwuma ya ce yau za a ƙetare ruwan daga wannan bango zuwa wancan, har ta wurin da ya fi ƙarfin tsayin mutum. Ya ɗauki doguwar sandarsa ta ceto yana bin gefe. Ni na bi ɗaya gefen.

Alhaji ya tura bango da ƙafa. Hannu, hannu, fuska. Hannu, hannu, fuska. Ba fantsama, ba gaggawa, ruwa na darewa a gaban kansa. Da ya kai tsakiya, inda ƙasa ta yi zurfi, na ga ƙafarsa ta ɗan rikice.

"Kar ka ɗago!" Chukwuma ya yi ihu. "Auna, Alhaji, auna!"

Ni ma ihu nake, ban san me nake cewa ba, hulata ta faɗa ruwa ban kula ba. Masu shara sun yar da tsintsiya sun taho. Hannu ya sake miƙewa, jiki ya daidaita, bango na matsowa. Saura uku, saura biyu, sai tafinsa ya daki bango, fas!

Muka ɗauki kabbara, har Chukwuma. Alhaji ya kama tsani ya hau, ruwa na zuba daga jikinsa, yana alhamdulillahi, alhamdulillahi. Bai dubi kowa ba. Ya juya gabas ya zube a kan jiƙaƙƙen daɓen nan ya yi sujadar godiya, yadda kowane Musulmi ke yi in farin ciki ya rufe shi.

Ya daɗe a haka. Da ya ɗago ya zauna a kan ƙafafunsa, sai ya kai hannu ya shafa goshinsa, ya dubi hannun, ya dube ni.

"Habibullah," ya ce, "ka ga abin da na yi?"

Na gyaɗa kai.

Ya ce, "Bari in sake, in tabbata." Ya sake kai goshinsa ƙasa.