Tsinken Ashana da Littafin Malam Sabo

Ban taɓa mantawa da ranar da na shiga ofishin Malam Sabo riƙe da gwangwanin madara cike da tsinken ashana ba. Amma bari in ɗauko zancen daga farko, saboda ku da kuka zo aiki daga baya.

Sunana Iro, Bakatsine, masinja ne ni a rajista, mataki na uku. Rajista ita ce ɗakin da ake ajiye fayil-fayil, aikina kuwa in kai su teburin manya, in dawo da su, in je aike. Na shekara goma sha ɗaya a kan wannan aiki ban iya karatu ba. Da launin bango da lamba nake gane fayil.

Malam Sabo shi ne babban akawunmu, mutumin Unguwar Sarki, mai ƙarancin magana. Shi ya kawo shawarar akwatin gaggawa ga ƙananan ma'aikata. Akwatin ƙarfe ne mai kwado biyu, makulli ɗaya a wurinsa, ɗaya a wurin Hajiya Binta mai buga takardu. Kullum da safe kowa ya jefa abin da ya samu, ko naira ɗari ce, Malam Sabo ya rubuta a littafi, a shafin mutum. Ƙarshen wata su biyun su kai banki. Ba a cirewa don biki ko Sallah, sai rashin lafiya, haihuwa, rasuwa ko gobara, kuma abin da ka zuba shi za ka ɗauka.

Na shiga, amma zuciyata ba ta kwanta ba. An taɓa gudu da kuɗina na adashi a Kawo, har yau ban sake ganin mutumin ba. Malam Sabo bai hana kowa duba littafin ba, to amma ni me zan gani? Ko kamannin sunana ban sani ba. Sai na nemo dabara. Duk ɗarin da na jefa, in na koma gida Badarawa, sai in saka tsinken ashana ɗaya a gwangwani. In sun kai goma in ɗaure su da zare.

Kuɗin ba daga sama nake samunsu ba. Na daina hawa Keke Napep in ba ruwa ake yi ba, na koma takawa. Shayin safe na rage ƙwai. Goro na koma rabi. Ranar da na yi haka, kafin in zauna nake jefa kuɗin, don in suka kai azahar a aljihuna ba za su kwana ba.

Duk da haka ina sa wa Malam Sabo ido. Ya canza takalmi, na lura. Ya yi wa babur ɗinsa fenti, na kwana ina lissafi. Daga ƙarshe na yi rajista a ajin yaƙi da jahilci na unguwarmu, Asabar da Lahadi bayan la'asar. Malamar ta tambayi kowa abin da ya kawo shi. Wasu suka ce karanta saƙon waya. Ni na ce akwai littafin da nake so in karanta, ban faɗi wane ba.

Wata takwas na yi kafin in iya. Wata Talata Malam Sabo ya fita sallar azahar, na buɗe littafin, na bi shafi-shafi har na ga Iro. Na kwafe jimillar a tafin hannuna. A gida na juye gwangwani na ƙirga sau uku. Tsinkena dubu arba'in da ɗaya, littafi ya ce dubu hamsin da takwas. Kuma a tsakanin layukan akwai wasu da jan biro, a ranakun da na san ban ba da irin wannan kuɗi ba.

Wani zai yi murna. Ni tsoro ya kama ni. Na ce wannan mutum yana ɓoye wasu kuɗi da sunana, ranar da asiri ya tonu a ce masinja ne. Na yi sati uku ina kallonsa, gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Ana cikin haka, wata Laraba da hantsi aka kira ni cewa an kai maiɗakina Hadiza asibiti da ciwon ciki. Likita ya ce sai an yi mata aiki a ranar, a fara ajiye dubu hamsin da biyar. Na biya gida na ɗauko gwangwani, na dawo ofis na ajiye shi a teburin Malam Sabo, a gaban Hajiya Binta.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ga lissafina. Nawa kawai za a ba ni. Na jan biro ban san su ba, ba na so."

Ya dubi ɗaurin tsinken, ya dube ni. "Malam Iro, yaushe ka fara karatu?"

Na ce tun bara. Ya tambayi dalili, na ce littafinsa. Hajiya Binta ta yi dariya har ta riƙe tebur, ta ce dama an ce Bakatsine ko inuwarsa bai yarda da ita ba.

Malam Sabo bai yi dariya ba. Ya buɗe shafina ya ce in karanta kalmar da ke gefen jan rubutun. Na haɗa baƙaƙen a hankali: canji. Nan ya tuna mini cewa duk ranar da ya aike ni sayen abinci ko katin waya, yakan ce in riƙe canji, ni kuma in ajiye masa a tebur in fita. Haka ne. Ban taɓa karɓa ba, domin masinjan da aka saba gani da canjin oga, ranar da wani abu ya ɓace shi za a fara kira.

"Na riga na ba ka, ba zan mayar aljihuna ba," in ji shi. "Hajiya ce shaida, ga sa hannunta a kowane layi. Kai da ka tambaye ni tun farko, da na faɗa maka."

Kunya ta rufe ni, amma ba lokacin kunya ba ne. Su biyun suka sa hannu, Malam Sabo ya goya ni a babur ɗin nan da na zarga, muka je banki, muka wuce asibiti. Kafin la'asar an shiga da Hadiza, kuma ta tashi lafiya.

Abin da na koya shi ne, ƙaramin ma'aikaci ba ya tara kuɗin gaggawa da albashi, sai da ɗari-ɗarin da yake hana kansa kafin ta narke. Bincike kuma ba laifi ba ne, laifina shi ne na shekara ina zargi ban buɗe baki na tambaya ba.

Da Malam Sabo ya yi ritaya, ni ya miƙa wa littafin. Yanzu duk Juma'a nakan karanta wa kowa shafinsa da ƙarfi. Kwanan nan aka kawo mana sabon mai gadi, dattijo daga Zamfara. Ya jefa ɗari biyu, ya tsaya yana kallon birona da irin kallon da na sani. Na buɗe durowa na miƙa masa kwalin ashana, na gaya masa ranakun da ake shiga aji.