Jan Fenti a Layi na Tara

Baba Kunne ake ce masa a gandun dajin, kuma ba don kunnuwansa sun fi na kowa girma ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana duba lafiyar itatuwa, kayan aikinsa uku ne: gwangwanin jan fenti, buroshi, da wani dogon sukundireba da ya samu wurin wani bakanike tun yana saurayi. Sai ya kafa tsinin a jikin itace, ya ɗora kunne a kan mariƙin, ya rufe ido. In akwai tsutsar ƙwaro a ƙarƙashin ɓawo zai ji ta tana ci, ƙaras-ƙaras, kamar ɓera a bayan kabad. Itacen da ya ji haka a cikinsa sai ya shafa masa jan fenti, ya rubuta lambarsa a takarda, masu zarto su zo su kayar kafin tsutsar ta yi fiffike ta kama na kusa. Bai taɓa shafa wa lafiyayye ba, bai kuma taɓa ɗaga wa mai ciwo ƙafa ba.

Itatuwa arba'in ne a Layi na Tara, kuma shi da matarsa suka dasa su shekarar da suka yi aure. Lokacin tana aikin cika ledojin dashe da ƙasa, kafin ciwon baya ya mayar da ita kan keken ɗinki har ake kiranta Inna Tela. Shi ya haƙa ramuka, ita ta yi ta jidar ruwa. Na uku a layin ya tashi a karkace, kuma har yau in an taɓo zancen sai ta ce ai ita yake kallo lokacin da yake dasa shi.

A bana ƙwaron ya shiga Layi na Tara. Baba Kunne ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ji ci a cikinsu duka, ya dawo gida ya kasa taɓa abinci.

A makon ne aka turo wata matashiya daga cibiyar bincike, kowa na ce mata Dakta. Ta zo da akwatin sanyi, da ƙaramin injin huda, da manyan sirinji, ta nemi a ba ta layi guda ta gwada sabon magani. Ofis ya ba ta na tara, tunda an riga an cire rai da shi.

"Guba ce?" in ji Baba Kunne, yana kallonta tana huda gindin itacen farko.

"A'a, Baba. Jikin tsutsar nan yana da umarnin da yake bi in za ta saɓe ta yi sabuwar fata. Abin da nake zubawa zai bi ruwan itacen ya hau, ta ci shi tare da ɓawo, sai ya toshe wa wannan umarnin baki. Za ta girma, fata ta ƙi sakinta, shi ke nan."

"To tsuntsun da ya ci tsutsar fa? Da ƙudan zuma?"

"Don irin wannan ƙwaron kaɗai aka haɗa shi. Su ma muna bin su muna dubawa. Amma fa ba ya sauri. Ka ba shi mako uku."

Ya gyaɗa kai don ladabi. A ransa kuwa ya ce yarinya ce. Duk maganin da ya sani a rayuwarsa, in an fesa da safe, kafin azahar ƙasa ta yi baƙi da gawar ƙwari, har da waɗanda ba su ci ba su sha ba. Maganin da sai an ba shi mako uku, wannan ai lallashi ne.

Dakta ta koma cibiya ta bar masa lambar waya. Kwana uku ya saurara, ana ci. Kwana bakwai, ana ci. Ran kwana na goma ya ji kamar ma cin ya ƙaru. Ya tsaya ya dubi Layi na Goma da na Sha Ɗaya, ƙananan itatuwa ɗari biyu da ko tabo babu a jikinsu. Ya ciro waya, ya mayar aljihu. Da wane baki zai gaya wa 'yar mutane cewa aikin da ta shekara shida a kansa bai kashe ko tsutsa ɗaya ba? Sai ya buɗe gwangwani ya yi abin da hannunsa ya saba. Arba'in ɗin nan duka ya shafa musu, har da karkataccen, ya kai takarda ofis. Magatakarda bai ko ɗaga kai ba ya buga hatimi, don ba a taɓa tuhumar jan fentin Baba Kunne ba.

Daga ranar bai sake bi ta layin ba. Zagaye yake yi ta bayan ma'ajiyar kaya, ko da kuwa tafiyar ta ninka.

Ran da masu zarto za su zo, kwana tara bayan shafa fentin, ya zauna a tsakar gida yana ta gyaran igiyar takalmi.

"Malam, takalmin nan ɗinka shi kake yi?" in ji Inna Tela daga kan keke.

"Yau ba na jin daɗin jikina."

"Jikinka lafiya lau. Itatuwan da wasu suka dasa ma kana zuwa ka tsaya a kansu in za a kayar, sai namu ne za ka bari su faɗi ba kowa? Tashi ka je. In ba za ka iya ba, ba ni sukundireban in je."

Ya tashi.

Tun daga kwanar hanya ya ji kukan inji, kafin ya ƙarasa ya ji ƙasa ta girgiza. Na farko ya faɗi. Dogo mai zarto yana share gumi, ya hango shi ya yi dariya.

"Baba, yau kai ne da makara? Har na ce ko amarya aka yi maka ba mu sani ba."

Baba Kunne ya wuce wurin na biyu, ya dafa shi, sai hannu ya ciro sukundireba ba tare da ya yi niyya ba. Ya kafa, ya ɗora kunne.

Shiru.

Ya matsa sama kaɗan. Shiru. Ya zagaya bayan itacen, ya je na uku, ya je na huɗu. Abin da ya fara zuwa masa shi ne kunnen ya mutu, ƙarar inji ta ƙarasa shi. Ya tsallaka hanya da sauri zuwa wani tsohon itace da ba a yi wa allura ba, ya kafa. Ƙaras-ƙaras, ana ci kamar ba gobe.

Da ya juyo, Dogo ya riga ya ja igiyar inji ya nufi na biyu.

"Dogo! Kashe! Kashe abin nan!"

"Lafiya, Baba?"

"Kashe na ce, don Allah! Kawo gatari."

Suka ɓare ɓawon wanda ya faɗi. Ga hanyoyin tsutsa nan birjik kamar rubutun yara, ga su kuma a ƙarshen kowace hanya, sun yi baƙi sun motse, ko ɗaya ba ta motsi. Dogo ya tsokani ɗaya da tsinke, ta marmashe.

"To Baba, wa ya shafa fentin nan?"

"Wani tsohon banza," in ji Baba Kunne, ya zauna a kan kututturen.

A nan zaune ya kira Dakta, ya gaya mata komai bai rage ba.

"Nawa aka kayar?"

"Ɗaya."

Ya ji ta sauke numfashi. "Baba, da ka kira ni ai. Ko zagina ne ka yi."

"Kunya ce, 'yata."

"To ka ajiye min ɓawon nan, kada kowa ya taɓa. Dama sai na sare ɗaya in duba cikinsa, kawai dai da ni zan zaɓa. Kuma daga yau kunnenka nake so, kullum ka rubuta min abin da ka ji. Ba mu gama ba, sai mun ga baɗi."

Jan fenti ba ya fita daga ɓawo. Yinin ranar ya yi shi yana bin talatin da tara da farin fenti da ya aro a ma'ajiya, yana rufe ja, Dogo na biye da shi yana cewa zai ba jikokinsa labari. Kafin su tashi Baba Kunne ya sa ya yanka masa faifai guda daga gindin wanda ya faɗi, ya ɗaura a bayan kekensa na hawa.

Inna Tela na bakin ƙofa da ya iso. Ta dubi faifan, ta dubi farin fentin da ya ɓata masa riga har wuya.

"Karkataccen fa?"

"Yana nan tsaye. Duka suna nan, sai wannan."

Ta shafa faifan da tafin hannu, ta daɗe tana shafawa. Sannan ta ce ya shigar mata da shi ɗaki ya ajiye kusa da keken ɗinki, ya kuma cire rigar nan kafin fentin ya bushe.