Ranar da Aka Hana Norio Taɓa Awartaki

Duk danginmu na Osaka babu wanda ya taɓa ganin Norio Hamaguchi zaune daram. Ko a hoton aurensa, amarya ta fito fes, shi kuwa ya fito dishi-dishi, domin lokacin da mai hoto ya danna yana cikin gyara wa wani baƙo tsayuwa. Aikin da ya yi har ya tsufa ma na marasa zama ne: ma'aikacin tashar jirgin ƙasa, mai farar safar hannu da usur, yana nuna wannan da yatsa, yana daka wa wancan tsawa ya ja da baya. An ce ranar da ya ajiye aiki tattabarun tashar sun wuni suna shawagi don murna.

Amma inda halinsa ya fi fitowa shi ne gidan gashi. A unguwar Tsuruhashi, ƙarƙashin gadar jirgi, inda hayaƙin nama ke tarar mutum tun bai sauko daga tarago ba, akwai gidan Tsohuwa Kaneda. Kowane teburi da kaskon garwashi a tsakiya, da ragar waya a kai. A kawo maka ɗanyen nama ka gasa abinka da kanka, haka kowa ke yi, ban da wanda tsautsayi ya haɗa teburi da Norio. Kafin ka gama cire takalmi ya riga ya cafke awartakin juya nama, kuma ba zai sake shi ba sai garwashi ya zama toka.

Yana da dokoki. Harshen sa mai gishiri shi ne farko, tun raga tana da tsabta. Wanda aka jiƙa a miya mai zaƙi sai daga baya, kayan ciki kuma a ƙarshe. Mutum ɗaya, yanka ɗaya. Juyi ɗaya tak. Idan ka kuskura ka miƙa tsinkayen cin abincinka wajen ragar, sai ka ji murya kamar jirgi zai taka ka: "Ba a taɓa!"

Abin yana da asali. Mahaifinsu ya rasu suna ƙanana, uwarsu tana aiki a masaƙa. Randa ta samu hali ta shigo da ɗan ƙunshin hanji, Norio ne babba, shi ake ɗora wa gashi da rabo, ga ƙanne sun kewaye kasko da idanu zuru-zuru. In bai tsare wutar ba mai dogon hannu ya kwashe, ƙaramar ta kwana da kuka. Shi sai kowa ya ci yake cin abin da ya rage, ya huce, ya sandare. Ƙannen sun girma sun yi tumbi, nama ya wadata, amma Norio bai sauka daga gadin kaskon ba.

Wannan gadin ne ya raba shi da 'yarsa ɗaya tilo, Mizuho. Shekarun baya ta samu aiki a Kobe, aka shirya mata walima a gidan Tsohuwa Kaneda, har da ƙawayenta. Tana cikin hira ta kai hannu za ta juya yankan da ke gabanta. Norio ya ce "Ba a taɓa!", ya make bayan hannunta da awartaki. Ya manta bakin ƙarfen yanzu ya fito daga wuta. Yarinya ba ta yi kuka ba. Ta miƙe tsam, ta saka takalminta, ta fita. Tun daga ranar ba ta ƙara zama teburi ɗaya da shi ba. Shi kuma bakinsa ya iya ba jirgi umarni, amma bai iya ba da haƙuri ba.

Sai ga shi wata safiya matarsa Terumi ta ajiye masa shayi ta ce, "Baban Mizuho, 'yarka ta samu miji. Junpei sunansa. Za ta kawo shi ka gan shi ranar Lahadi, a gidan Kaneda."

Norio ya miƙe zumbur. "Sai in buga waya a ware mana harshe mai kauri..."

"Zauna tukuna. Ta ce da sharaɗi. Ba za ka taɓa awartaki ba, ba kuma za ka ce uffan a kan gashi ba. Ka taɓa, ta tashi. In kuwa ta tashi wannan karon, ko a hoto ba za ka ga bikin ba."

"To wa zai gasa?"

"Mutane. Kamar yadda ake yi a sauran duniya."

Kwanakin da suka biyo baya Norio bai san inda zai sa kansa ba. Ya wanke kekensa har fenti ya fara fita. Ya aske shingen gidansa, ya tsallaka ya aske na maƙwabci ba a roƙe shi ba. Da daddare Terumi tana jin hannunsa na dama yana buɗewa yana rufewa a ƙarƙashin bargo.

Ranar Lahadi tun rana ba ta faɗi ba suka isa. Tsohuwa Kaneda ta dube shi ta washe baki. "A'a, sarkin wuta! An ce yau an tuɓe ka."

"Inna, ki bar ni da abin da ke damuna."

"In ɗaure maka hannuwan ne? Ina da igiya."

Mizuho ta shigo da wani dogon saurayi mai tabarau, sai sunkuyawa yake yana gaisuwa har ya ƙume goshi da bututun zuƙe hayaƙi. Ta ce, "Baba, ina wuni," kamar mai gaida baƙo a layin asibiti. Norio ya saci kallon bayan hannunta. Tabon yana nan, ɗan fari. Ya zauna, ya cusa hannuwansa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa, ya danne.

Aka kawo garwashi jawur, aka jera farantai. Awartaki yana kwance a gefen Norio yana ƙyalli. Junpei ya ce, "Baba, ko za ka..."

"Kai za ka gasa," in ji Mizuho.

"Ni? To! Ai gashi ba wuya, wuta ce ke yin aikin."

Gashin girar Norio ya motsa.

Yaron nan ya tsallake harshen sa kamar bai gan shi ba, ya jawo farantin haƙarƙari mai miya, ya juye shi gaba ɗaya a kan raga, tuli guda. Miya ta tsiyaya cikin garwashi, cuuu! Ya shiga cakuɗa naman kamar mai kwashe shara, yana ba da labarin ofishinsu. Ya juya, ya sake juyawa, ya danna da ƙarfi har romon ya tsere. Ragar da take fes ta koma baƙa ƙirin.

Gumi ya karyo wa Norio. Gwiwarsa ta fara rawa har kofuna suna ƙara a kan teburi. Ya kalli rufi, ya kalli kalanda, ya karanta sunayen abincin da ke jikin bango tun daga sama har ƙasa, ya sake farowa daga ƙasa. Duk inda ya kai ido sai ya dawo kan wani ɗan yanka da ke can gefe yana ƙonewa shi kaɗai, ba mai ceto.

"Baba, lafiya?" in ji Junpei. "Na ga ka jiƙe sharkaf."

"Zafi," in ji Norio ta tsakanin haƙora.

Ya ce zai zaga bayan gida. Ya je ya wanke fuska, ya gyara jerin silifas ɗin ƙofar, ya dawo. Bai daɗe da zama ba ya ce ya manta ko ya kulle kekensa. Terumi ta ce, "A jirgi muka zo." Ya koma ya zauna a kan hannuwansa.

Junpei ya raba abin da ya gasa. Na Norio waje gawayi, ciki ɗanye. Ya tauna kamar mai cin igiyar takalmi. Terumi kuwa ta ɗauki wanda ya fi ƙonewa ta jefa a baki, ta lumshe ido.

"Kai, ɗan nan, Allah ya yi maka albarka. Haka nake son nama, ya yi ƙurmus yana ƙaras-ƙaras. Rabona da irinsa tun ina gidanmu."

Norio ya juyo ya dube ta. Shekara talatin da ɗoriya yana zaɓar mata mafi taushi, mai ja-ja a tsakiya, ashe haɗiyewa kawai take yi. Ya buɗe baki, ya tuna sharaɗi, ya rufe.

Yabon nan ya shiga kan Junpei. Ya jawo farantin hanji mai kitse ya zazzage duka. Kitse ya ɗiga, wuta ta tashi bal-bal har tana lasar bututu. Tabaransa ya yi hazo, ya shiga fifita wutar da takardar jerin abinci, tana ƙara haukacewa. Mutanen teburin gefe suka ja jakunkunansu. Sai kuma, cikin wannan bala'i, ya ɗauko farantin harshen sa, mai kaurin nan da Tsohuwa Kaneda ta ware da hannunta, ya karkata shi zai zuba.

Hannun Norio na dama ya kuɓuce daga ƙarƙashin cinya. Ya taso, ya wuce gefen teburi, yatsu a buɗe. Norio ya ga tabon nan a hannun 'yarsa. Ya sa hannun hagu ya cafko na daman, ya mayar da shi, ya hau kai ya zauna, ya runtse ido.

"Ba a taɓa!"

Ya buɗe ido a firgice, yana zaton bakinsa ne ya ci amanarsa. Ashe ba shi ba ne. Mizuho ce a durƙushe, ta fizge awartaki daga hannun saurayinta, fuska jawur.

"Harshe a kan wannan ƙazamar ragar? Kana da hankali kuwa? Inna, ƙanƙara! A canza mana raga! Kai kuma matsa can, tun ɗazu nake kallonka kana kashe saniyar nan karo na biyu!"

Ta ɗora ƙanƙara a kan ragar, wuta ta kwanta. Sai a lokacin ta ji abin da ya fito daga bakinta. Ta kalli awartakin, ta kalli ubanta, shi kuma ya ƙura wa kalanda ido kamar bai taɓa ganin kalanda ba. Terumi ce ta fara fashewa da dariya, Tsohuwa Kaneda ta taya ta daga bayan kanta.

Aka kawo sabuwar raga. Mizuho ta shimfiɗa harshe yanka huɗu, ɗaya ga kowa. Ta jira har romo ya taso a samansa, ta juya sau ɗaya tak. Na farkon da ya nuna ta matsa masa lemon tsami ta ajiye a kwanon Norio.

"Ci, Baba. Tun da zafinsa."

Ya zaro hannuwansa, sun mutu murus, da ƙyar ya riƙe tsinkaye. Ya jefa naman a baki ya ƙone harshensa, don bai taɓa sanin haka nama ke da zafi in ya sauko daga wuta ba. Idanunsa suka kawo ruwa. Ya ce hayaƙi ne.

"Ya yi?" in ji ta.

Ya haɗiye. "Ya yi." Ya kalli hannunta. "Wancan... yana miki ciwo?"

"Ya daina tuntuni." Ta ɗora wani yankan. "Bikin cikin kaka ne. Za ka zauna kusa da ni. Kuma dafaffen abinci za a kawo, babu wuta a teburi."

Junpei ya ɗaga hannu a hankali. "Mama ta ce a ƙona mata wani..."

"Ga gefen raga can," in ji Mizuho, "ku je ku yi ta ɓarnarku."

Da suka tashi tafiya, hanyar ƙofa ta bi ta gaban wasu ɗalibai da suka tula nama a raga suna ta surutu, hayaƙi baƙi yana tashi. Ƙafar Norio ta tsaya cak. Yatsansa ya fara ɗagawa irin na tashar jirgi. Mizuho ta riƙo hannun rigarsa ta ja shi waje, ba ta kuwa sake shi ba har suka hau matakalar tasha, shi yana tafe yana waiwaye.