Garwashin da Aka Ɓoye a Rumbu

Kowa a gidanmu ya ɗauka tatsuniyar Kaka dabara ce ta sa yara barci. Ƙarya ne. Karatu matar nan take ba mu, Allah ya jiƙanta, mu ne ba mu da kunne.

A Bungudu, da an idar da magariba sai ta zauna bakin murhu tana ɓarar gyaɗa, mu kewaye ta. "Wanda yay yi gyangyaɗi shi tashi," haka take farawa, "ni ban maimaitawa."

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta garin da ruwan sama ya kashe wutar kowa, sai garwashi ɗaya a maƙera, shi ma aka sace. Aka kama wata matalauciya don an ga haske a bukkarta ta kara. Wata tsohuwa ta ce a dakata, a zagaya bukkar a ƙirga zaren hasken. Duk zaren da ya fita ta yamma, ashe ta gabas ya shigo. "Wucewa yakai," in ji Kaka, "babu komi ciki." Aka bi zaren har rumbun wani attajiri. Nan haske fita kawai yake ta ko'ina, babu mai shiga. Ya yi maza ya kewaye rumbun da zana, ya ƙara wata a bayanta. Hasken ya bazu, amma da aka ƙirga, adadinsa bai canza ba.

Ina aji biyar a Gusau malamin fiziks ya zana rufaffen wuri a allo. Ya ce a ƙirga layukan ƙarfin lantarki masu fita, a cire masu shiga. Abin da ya rage, cajin da ke ciki ne kaɗai ya kawo shi. Girman wurin bai da tasiri, cajin waje kuma shiga yake ya fice. Na ɗaga hannu. "Malam, ai rumbun attajiri ne!" Aji ya fashe da dariya. Ya ce, "In tatsuniya kike so, koma ƙauye." Na zauna. Zaman nan har yau yana ci mini rai, don ni kaɗai na gane a ajin, kuma na bari aka raina Kaka.

Jiya ƙanwata Rabi ta dawo tana kuka. Wannan darasin ne ya kayar da ita, an ce in ta sake faɗuwa jarrabawa ranar Litinin za a cire ta daga ajin kimiyya. Baba ya ce, "A bar shi, ba kowa ke da kan ba."

Na ce, "Kan wa, Baba? Uwarka ta san shi, ba ta taɓa riƙe alli ba."

Gobe da safe zan shiga kasuwa in sayo kwando biyu, babba da ƙarami, in ɗauko tocilar Baba. Zan kifa kwandunan a kan tocilar, Rabi ta ƙirga zaren hasken da ke fita da hannunta har sai ta gane. Litinin kuma ni zan raka ta, da kwandon a kaina.