Yatsan Baba Funfuna

Da asuba Baba Funfuna yana durƙushe a bayan shagonmu, yana yayyafa wa garin katako ruwa. Ni ke aiki a kan injin yanka, ni ke buɗe ƙofa, kullum haka nake tarar da shi.

Shekara talatin yana kafinta, amma abu ɗaya ya fi kowa iyawa. Yakan binne ɗanyen gungume cikin jiƙaƙƙen garin katako, ya rufe da buhu, funfuna ta shiga ta ja baƙaƙen layuka kamar da alƙalami. Ka tono da wuri, babu zane. Ka makara, ya ruɓe. Da babban yatsa yake gane lokaci: ya danna, ya ji.

Bana gungume uku ya kawo min, duk suka marmashe a bakin zarto. Mai shago ya ce, "Baba, tebur nake so. In na huɗun ya ruɓe, surukina na jiran bencinka."

"Ruwa ne ya yi yawa, ranka ya daɗe."

"A kanka kaɗai yake sauka?"

Ba ruwa ba ne. Na ga ranar da ƙusa ta huda masa yatsa, bai sani ba sai da jini ya ɓata katako. Yatsunsa sun mutu, yana ɓoyewa. Ban tona shi ba, ban kuma taimake shi ba.

Ran nan ya tono na huɗun, ya kira ni.

"Ɗana, ara min yatsanka."

"Baba, ni yanka na iya."

"Wa ya ce ka iya? Danna kawai. Me ka ji?"

"Kamar sabulu."

Ya kama hannuna yana matsar da shi gaba, taƙi bayan taƙi. Sabulu. Sabulu. Can kusa da ƙarshe na ji tauri, na faɗa masa, ya ja layi da alli. Taƙi biyu kacal.

Na yanka. Wallahi ban taɓa ganin zane irin wannan ba. Mai shago ya juya katakon sau biyu, ya ce, "Ya yi kyau. Amma ko kujerar tsuguno ba za ta fita ba."

Baba ya gane an sallame shi, bai roƙa ba. Ya share bencin, ya zuba guduma da zarto a buhu. Igiya ta ƙi ƙulluwa a hannunsa. Na miƙa nawa, ya ture. Da haƙori ya ja ƙullin.