Na'urar da Ba Ta Tashi Sai da Is'haƙa

A Dogon Dutsi akwai wani ƙaramin asibitin unguwa, inda mata ke zuwa awon ciki da rigakafin yara. Duk wadda ta taɓa zaman layi a can ta san Is'haƙa ko da ba ta san sunansa ba. Dogo ne siriri, ba ya son yawan magana, kuma ko allura bai taɓa yi wa kowa ba. Aikin buga takardu aka ɗauke shi, ya baro mahaifiyarsa Altine a Dumega, yana zuwa wurinta duk ƙarshen mako.

Shekara shida da suka wuce wata ƙungiya ta ba asibitin kyautar babbar na'ura, wadda ake kira sarba. A cikinta aka zuba bayanan majinyata kaf, wace ce jininta ke hawa, wane yaro ne wani magani ba ya karɓarsa. Sauran kwamfutocin ɗakuna daga gare ta suke buɗe shafin bayanan. Wani injiniya mai suna Luƙman ya zo daga Yamai ya haɗa ta, ya kashe ya kunna sau uku a gaban kowa, shafin na buɗewa da kansa. Ya nuna wa Is'haƙa yadda ake tayar da shafin da hannu ko da wata rana, ya hau mota ya koma.

Washegari aka ɗauke wuta. Da ta dawo, na'urar ta kama, fankarta na juyawa, amma shafi ya ce bai san zancen ba. Is'haƙa ya zo ya buga abin da aka koya masa, ya buɗe. Haka aka yi jibi, haka aka yi gata. Wanda ya san wutar garin nan a bazara ya san ba sau ɗaya take tafiya a wuni ba.

Luƙman kuwa mutumin kirki ne, yakan bugo waya.

"Malam Is'haƙa, ina gajiya? Yaya na'urarmu?"

"Lahiya lau, alhamdu lillahi. Mun gode ƙwarai."

Nan ne gizo yake saƙa. A inda Is'haƙa ya tashi, ba a kushe kyauta, kuma ba a duban masani a ce masa aikinsa da saura. Gani yake in ya yi ƙorafi, ya zama wanda aka ba riga yana neman inda ɗinki ya karkace. Ya koya wa ma'aikatan jinya biyu yadda ake tayar da shafin, aka yi musu canjin wurin aiki. Ta ukun, Samira, ta taɓa kuskuren harafi ɗaya, baƙin allon na'urar ya cika da rubutu, ta rantse ba za ta ƙara taɓawa ba. In za a faɗi gaskiya, shi ma yana jin daɗin a ce ina Is'haƙa. Wa ya ƙi a neme shi?

Da haka zuwa Dumega ya koma wata-wata, daga baya sai Salla. Ko ya je, wayarsa na hannu, kunnensa na kanta. Sau nawa yana tsakiyar cin tuwon Inna Altine za a kira, mata sun cika layi, ba a ganin bayanan kowa. Ita ce ma ke cewa, "Tashi ka tahi, Auta, masu ciwo sun hi ni buƙata." Yakan tashi kuwa, ya wanke hannu.

A damanar bara yayarsa Habsatu ta bugo ta ce jikin Inna ya ƙi, ta daina cin abinci, in zai zo ya zo da shirin zama. Ya kama hanya, bai yi nisa ba Samira ta kira shi. An kawo mai naƙuda a galabaice, ana son a ga abin da aka rubuta a kanta. Ya sauka daga mota ya juyo. Ran nan ya ji ya tsani na'urar, ya kuma tsani kansa fiye da ita.

Ranar Lahadi, da babu awo, ya rufe kansa a ɗakin na'urar bayan azahar. Ya kashe na'urar ya kunna kamar yadda Luƙman ya yi, shafi ya buɗe sumul. Ya maimaita, ya buɗe. Sai ya tsaya ya yi tunani, ai masu wuta ba na'ura kaɗai suke kashewa ba. Ya je ya sauke makunnin ɗakin gaba ɗaya ya mayar. Shafi ya ƙi. Ya sake, wannan karo idonsa na kan ɗan akwatin rezo da ke maƙale a bango, wanda ke haɗa sarba da sauran ɗakuna. Na'urar ta gama tashi tun akwatin na ƙyafta jan ido, sai bayan minti uku ya koma kore. Ashe shafin yakan farka ya nemi hanya, ya iske ba a buɗe ba, ya haƙura ya kwanta. Kafin Is'haƙa ya ratso tsakar gida akwatin ya shirya, shi ya sa hannunsa bai taɓa kuskure ba.

Ya daɗe yana juya wayar kafin ya kira Yamai. Bayan gaisuwa Luƙman ya yi tambayar da ya saba.

"Injiniya, ka yi mini aikin gahwara. Ba lahiya ba."

Ya faɗi abin da ya gani. Luƙman ya ce tun yaushe.

"Tun kwana guda bayan tahiyarka."

Luƙman ya ce, "Haba Malam Is'haƙa, don me ba ka faɗa mini ba?" Bai jira amsa ba, ya karanto masa layi biyu harafi bayan harafi, umarnin cewa shafi ya jira akwati, in bai samu ba ya sake gwadawa. Is'haƙa ya buga su, ya sauke makunni sau bakwai, sau bakwai shafi ya tashi ba wanda ya taɓa shi. Ana kiran la'asar ya kulle ɗakin, ya kama hanyar Dumega.

Ya iske Inna Altine ta rame sosai, amma ta gane shi. Ya zauna gefen tabarmarta yana ba ta kunu da ludayi, yana kore mata ƙuda. A kwana na uku ta dube shi da damuwa.

"Auta, ban ji an kira ka ba. Korarka anka yi?"

"A'a Inna. An gyara abin, yanzu da kainai shika tashi."

"Gyaran da wuya, ko?"

Yana iya cewa da wuya, ba wanda zai ƙaryata shi. Amma bai iya yi mata ƙarya a kan wannan shimfiɗa ba.

"Daga azahar zuwa la'asar ne, Inna."

Ya jira ta yi masa faɗa, ya ma so ta yi. Can ta ce, "To, madalla," ta nemi ya gyara mata matashi.

Kwana biyu bayan haka Allah ya karɓi abinsa, kanta na bisa cinyarsa. Is'haƙa na nan a asibitin yana buga takardu. Yakan ce ya yafe wa kansa abubuwa da yawa a duniya, amma har yau bai san inda zai aje madallar nan ba.